Gidajen Waɗanda Iftila'i Ya Shafa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsare Kuɗin Jama'a Daga Almundahana

Bayan ambaliya, girgizar ƙasa, guguwa ko gobarar da ta cinye unguwanni, gwamnati kan ware kuɗi masu yawa don sake gina wa mutane muhalli. Wani lokaci gidajen su tashi, masu su su shiga. Wani lokaci kuma shekaru su shuɗe mutane na kwana a tanti, alhali a takarda an kashe kuɗin har an rufe lissafi. Ga tambayoyin da jami'ai, injiniyoyi, 'yan jarida da su kansu waɗanda abin ya shafa suka fi yi a kan wannan aiki.

Me ya sa wannan aiki ya fi sauran ayyukan gwamnati jawo almundahana?

Saboda abubuwa da dama ne ke haɗuwa lokaci guda. Kuɗi sun shigo a ɗan lokaci, fiye da abin da ma'aikata ta saba juyawa a shekara. Kowa na kukan a yi sauri, sai a jingine dokokin ba da kwangila. Takardun da za a tantance gaskiya da su, na fili da na shaidar mutum, sun tafi da ruwa ko suna ƙarƙashin ɓaraguzai, wani lokaci har ofishin da ke ajiye su ya rushe. Shi kuwa wanda ake yi wa aikin ba ya cikin halin ɗaga murya. Magidancin da ke kwana a filin makaranta da 'ya'yansa, in aka ce sai ya ba da wani abu kafin sunansa ya shiga, zai nemo ya bayar.

Sannan gini sana'a ce mai binne laifinta. Da zarar an zuba kankare an yi filasta, ba mai sanin rodi nawa ne a ciki. A 2011 masana girgizar ƙasa biyu, Nicholas Ambraseys da Roger Bilham, sun wallafa a mujallar Nature cewa kashi 83 cikin ɗari na mutanen da rushewar gini ta kashe a girgizar ƙasa cikin shekaru 30 da suka gabata, sun mutu ne a ƙasashen da cin hanci ya zarce abin da ake tsammani ga matakin arzikinsu. Wanda ya rage siminti a gidan mutumin da iftila'i ya riga ya taɓa, ya sake ajiye shi ne a bakin iftila'i na gaba.

A ina kuɗin suka fi zurarewa?

A jerin sunayen masu amfana, a sayen fili, a ba da kwangila, a cikin bangon gidan, da kuma ranar rabon makulli. Akwai ma wata ƙofa da ke buɗewa kafin duk waɗannan, wato shata yankin da za a ce iftila'in ya shafa. Bayan girgizar ƙasar Irpiniya a kudancin Italiya, ranar 23 ga Nuwamban 1980, an yi ta faɗaɗa jerin garuruwan da suka cancanci tallafi har suka kai 687, ciki har da waɗanda ɓarnar ba ta taɓa su sosai ba. Kuɗin suka bazu, ƙungiyoyin miyagu suka shiga kwangiloli, mutanen da gidajensu suka rushe da gaske suka daɗe a matsugunin wucin gadi, har majalisar ƙasar ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Oscar Luigi Scalfaro. Shi ya sa ake so a shata yankin da ma'aunin da kowa zai iya dubawa, kamar hoton tauraron ɗan'adam na kafin da na bayan aukuwar abin, zurfin ruwa ko ƙarfin girgiza, kuma a wallafa taswirar.

Yaya ake haɗa jerin sunayen masu cancanta ba tare da an cusa na bogi ba?

Nan ne tushen komai, domin jerin da ya gurɓata ba ya gyaruwa daga baya sai da rigima.

Da fari a rubuta sharuɗɗan cancanta kafin a fita ƙirga, a sanar da su a rediyo da wuraren taruwar jama'a. A tsayar da rana guda, a ce wanda yake zaune a gidan a ranar da abin ya faru shi ake ƙirgawa. In ba haka ba, mutane za su yi ta kwararowa daga wasu wurare suna kafa bukkoki. A fayyace abin da ake nufi da gida ɗaya, rufi ɗaya ne ko tukunya ɗaya, domin a inda 'yan'uwa da iyalansu ke zaune a gini guda, wannan kalma kaɗai tana iya hana iyalai uku haƙƙinsu, ko ta sa iyali ɗaya ya karɓi kaso uku.

Tawagar ƙirga ta ƙunshi injiniya ko ƙwararren magini, da jami'in da ba ɗan yankin ba, da wakilan mazauna wurin, cikinsu har da mace. A kowane gida su ɗauki hoton mai gidan tsaye a gaban ɓarnar, da na'urar da ke rubuta rana da lambar wurin a taswira. Su sanya ɓarnar a ɗaya daga rukunoni uku ko huɗu da aka riga aka bayyana: ya rushe gaba ɗaya, ya tsage ba ya gyaruwa, yana gyaruwa, ƙaramar ɓarna. A bar wa mai gidan kwafin takardar mai lamba a hannunsa. Wannan ɗan kwafi yana da muhimmanci ƙwarai, domin da shi ba wanda zai sauya masa rukuni a ofis, kuma ba wanda zai sayar masa da labarin cewa sunansa ya ɓace.

Daga nan sai kwamfuta ta tace. A nemo lambar shaida guda da ta fito sau biyu, asusun banki guda da sunaye biyar suka rataya a kansa, lambar waya guda a gidaje goma, wuri guda a taswira da aka rubuta masa gidaje uku. Rashin wannan tacewa ya jawo babbar asara a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005. Ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar, GAO, ya ƙiyasta a 2006 cewa tsakanin dala miliyan 600 zuwa biliyan 1.4 na tallafin da hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, ta raba an biya su ne ba bisa ƙa'ida ba ko ta hanyar zamba. An sami masu neman tallafi da adireshin maƙabarta, an kuma sami waɗanda ke kurkuku lokacin da guguwar ta auku.

Bayan tacewa, a liƙa jerin a bainar jama'a na aƙalla mako biyu, a kuma karanta shi da baki don waɗanda ba sa karatu. Maƙwabci ya san wanda ke da gida a layinsu fiye da kowace na'ura. Idan an saurari ƙorafi an gyara, a kulle jerin, duk sauyin da za a yi bayan nan ya bar sawu: wa ya yi, yaushe, da wane dalili. Sannan wata tawaga dabam ta zaɓi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na sunayen ta hanyar ƙuri'a ta sake zuwa ta gani da ido. Mai ƙirga kada ya zama shi ne mai amincewa, mai amincewa kuma kada ya zama shi ne mai biya.

To wanda takardunsa suka salwanta fa, ko ɗan haya, ko matar da mijinta ya rasu a iftila'in?

Tsananta sharuɗɗa don tsoron ɓarawo yakan fi cutar da mai gaskiya, domin ɓarawo ya iya ƙago takarda, talaka kuwa bai iya ba. Hana mai haƙƙi haƙƙinsa ɓarna ce daidai da ba wanda bai cancanta ba, duk da cewa ba ta fitowa a rahoton mai binciken kuɗi.

Wanda ba shi da takarda a karɓi wasu shaidu a madadinta: rasit ɗin wuta ko ruwa, rajistar zaɓe, rajistar makarantar yara, ko shaidar maƙwabta uku da aka ɗauka a bainar jama'a suka sa hannu. Ɗan haya a ware masa nasa tsarin, ko tallafin haya na watanni ko gida a sabon wuri. In an ba mai gidan haya kuɗin sake gini, a ɗaure shi da sharaɗin mayar da tsofaffin 'yan hayarsa a kan kuɗin da bai wuce ƙima ba. Matar da ta rasa miji kuwa, haɗarin da ke kanta shi ne dangi su karɓe gidan da sunan wani namiji. Bayan girgizar ƙasar Gujarat a Indiya a 2001, an yi rajistar sababbin gidaje da sunan miji da mata tare, kuma tsari ne da ya cancanci a kwaikwaya.

Ita kanta hanyar lissafin tallafi tana iya zama zalunci ba tare da an saci ko sisi ba. Shirin Road Home, wanda jihar Luwiziyana ta Amurka ta yi don sake gina gidaje bayan guguwar Katrina, ya ɗaure tallafi da darajar gida a kasuwa kafin guguwa idan ta gaza kuɗin gyara. Gidajen unguwannin baƙar fata marasa galihu ba su da tsada a kasuwa, amma siminti da katako farashinsu ɗaya ne a ko'ina, sai aka bar su da giɓin da ba za su iya cikewa ba. Maganar sai da ta kai kotu. A lissafa tallafi da abin da gini zai ci.

Wa ya kamata ya riƙe aikin, sabuwar hukuma ko ma'aikatun da ake da su?

Idan ɓarnar ta fi ƙarfin ma'aikatu, hukuma guda mai wa'adi ta fi. Indunisiya ta kafa hukumar sake gini mai suna BRR a Afrilun 2005 bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004, ta ba ta shekara huɗu, ta ɗora Kuntoro Mangkusubroto a kanta da matsayin minista, aka ajiye hedikwatarta a Banda Aceh inda ɓarnar take. Tana da sashen yaƙi da cin hanci a cikin gida da rumbun bayanai na ayyuka a intanet, kuma kafin a rufe ta a 2009 an gina gidaje sama da 140,000. Ba a rasa matsaloli ba, an sami gidaje marasa inganci da masu karɓar gida fiye da ɗaya, amma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A Nepal kuwa girgizar ta auku ranar 25 ga Afrilun 2015, amma jayayyar siyasa ta hana hukumar sake gini tsayuwa sai a Disamba, mutane suka sha damina da sanyi a ƙarƙashin kwano.

Abin da ake koya daga nan shi ne a rubuta dokar hukumar tun lafiya na nan. A bayyana yadda ake naɗa shugabanta, wa take ba bahasi, ranar rufe ta, da wanda zai gaji kadarorinta da ƙorafe-ƙorafen da ba a kammala ba.

Wanne ya fi tsare kuɗi, a ba ɗan kwangila ko a ba mai gida ya gina da kansa?

A karkara da wuraren da mutane ke da filinsu, ba mai gida kuɗi kashi-kashi ya fi nuna amfani. Dalilin a fili yake: mutum ba ya rage rodi a ɗakin da 'ya'yansa za su kwana, kuma maimakon kwangila guda ta biliyoyi da mutum biyar za su yi kashe-mu-raba a kanta, kuɗin sun rarrabu zuwa dubban asusu. Pakistan ta bi wannan hanya bayan girgizar 8 ga Oktoban 2005, inda hukumar sake gini ta ERRA ta biya rupee 175,000 na kuɗin ƙasar ga gidan da ya rushe gaba ɗaya, ta banki, bayan duba gini a matakai, aka sake gina ko gyara gidaje kusan 600,000. Nepal ta biya rupee 300,000 na kuɗinta a kashi uku: 50,000 idan an sa hannu a yarjejeniya, 150,000 idan injiniya ya duba harsashi ya amince, 100,000 idan bango ya kai ɗaurin da ke ƙarƙashin rufi.

Wannan tsari yana da nasa raunin. Injiniyan da ke sa hannu ya zama maƙogwaron da kowa zai bi, kuma in su kaɗan ne, mutum ya jira wata biyu, sai na goro ya shigo. Farashin siminti da ladan magina kan tashi idan dubban mutane suka fara gini lokaci guda, tallafin ya kasa, mutane su ci bashi mai ruwa. Tsoho, mai naƙasa da gwauruwa mai ƙananan yara ba sa iya tsayawa a kan gini. Maganinsu shi ne a sa wa'adin dubawa, misali kwana 14 daga ranar da mai gida ya nema, a riƙa juya injiniyoyi tsakanin yankuna, a horar da magina, a sake duba adadin tallafin idan farashi ya motsa, marasa ƙarfi kuma a ƙara musu kuɗi da mai taimaka musu.

A birni, inda ake maganar benaye da sababbin unguwanni, dole sai ɗan kwangila.

Gaggawa ba ta halatta a ba da kwangila ba tare da gasa ba?

Ta halatta a makonnin farko, don tanti, ruwan sha da kwashe ɓaraguzai. Gidan dindindin kuwa aikin shekara biyu zuwa biyar ne, kwana 21 ko 30 na talla ba su ne za su jinkirta shi ba. Abin da ke jinkirta gini shi ne rikicin fili, rashin zane da jinkirin sakin kuɗi. Duk wanda ya zo wata takwas bayan iftila'i yana cewa gaggawa ta hana shi talla, a tambaye shi abin da ya yi da wata takwas ɗin.

A L'Aquila ta Italiya, bayan girgizar 6 ga Afrilun 2009, an gina benaye 185 a wurare 19 cikin watanni kaɗan a ƙarƙashin ikon gaggawa. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta gano daga baya cewa kuɗin ginin ya zarce na kasuwa sosai, kuma a 2014 barandar ɗaya daga cikin benayen ta rufto.

Hanyar haɗa sauri da tsafta ita ce shiri tun kafin buƙata: jerin kamfanonin da aka tantance, yarjejeniyar farashin kaya da aka riga aka yi gasa a kanta, da zanen gidaje biyu ko uku masu cikakken lissafin kaya. Dokar gaggawa ta zo da ranar ƙarewa, kuma duk kwangilar da aka bayar a ƙarƙashinta a wallafa ta cikin kwanaki kaɗan tare da dalilin tsallake gasa. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Yaƙi da Cin Hanci, wadda aka amince da ita a 2003, ya ɗora wa ƙasashe nauyin gina sayayyar gwamnati a kan gasa, bayyana bayanai da ma'auni na zahiri.

Waɗanne alamu ke nuna an haɗa baki a kwangila?

Kamfanoni uku sun nema, amma kuskuren rubutu iri ɗaya ne a takardunsu, ko adireshinsu da lambar wayarsu guda. Kamfanin da aka yi wa rajista mako biyu bayan iftila'in ya ci babban aiki. Wanda ya yi nasara ya sauka daf da ƙiyasin sirri na hukuma, sauran sun yi sama da shi nesa. Kamfanonin da suka faɗi sun dawo suna yi wa wanda ya ci aiki a ƙarƙashinsa. An yayyanka aiki guda ƙanana-ƙanana, kowanne ya tsaya ƙasa kaɗan da adadin da doka ta wajabta talla. An sayar da kwangila hannu uku, kowa ya cire nasa, wanda ya zo wurin gini da cebur ya tarar da rabin kuɗin, kuma daga nan ha'inci a kaya ya zama tilas a gare shi. Don haka a nemi sunayen ainihin masu kamfani, a gwada su da sunayen jami'ai da iyalansu, a kuma hana miƙa aiki ga wani sai da izini a rubuce.

Yaya ya kamata a biya ɗan kwangila?

Kuɗin kafin alƙalami kada su wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma sai da takardar lamuni ta banki wadda hukuma ta tuntuɓi bankin da kanta ta tabbatar, domin ana buga na jabu. Sauran biya ya bi aikin da aka auna a wurin: harsashi, linta, rufi, kammalawa. A kowane biya a riƙe kashi 5 zuwa 10, a saki rabi ranar karɓar gida, rabi bayan wata 12 idan an gyara duk aibin da ya bayyana. A kula da ƙarin aiki bayan sa hannu, domin dabara ce sananniya mutum ya karya farashi ya ci, sannan ya dawo da ƙare-ƙare. Idan jimillar ƙarin ta doshi kashi 15, a kai maganar gaban wata hukuma dabam. Ita ma gwamnati ta biya a kan lokaci. Inda ɗan kwangila ke bin fayil ofis-ofis wata shida, toshiyar baki takan zama ɓangaren lissafinsa.

Ta yaya za a gane ha'incin da ke cikin bango?

A zo kafin a rufe. Akwai matakan da doka za ta hana wucewa sai mai dubawa ya gani ya ɗauki hoto: ramin harsashi kafin zuba kankare, rodin ginshiƙi da na linta bayan ɗauri, da katakon rufi kafin a buga kwano.

Rodi ya fi sauƙin kamawa. A yanko mita ɗaya a ɗora a sikeli. Mai kaurin milimita 12 zai ba da kusan giram 890, mai milimita 10 kusan giram 620. A ido bambancin ɗan kaɗan ne, amma wanda ya sa na 10 a gurbin na 12 ya cire kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen ginshiƙin. A ƙirga zobban da ke ɗaure rodin, a auna tazararsu da abin da zane ya ce. A yankin girgizar ƙasa, bakin zoben ya lanƙwasa ya shige cikin kankare da kusurwar digiri 135. In an tsaya a 90, girgiza na zuwa zai buɗe, ginshiƙin ya fashe. A duba ko an sa 'yan tubalan da ke nisanta rodi daga katakon zubi, domin rodin da kankare bai rufe shi da santimita 2.5 zuwa 4 ba zai yi tsatsa ya tsaga ginin daga ciki.

Yashi kuma a zuba shi a kwalba mai haske, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama ta yi layi. In kaurinta ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na tsayin yashin, a mayar da motar. Yashin teku da ba a wanke ba yana cin rodi, kuma an same shi a gine-ginen da suka rushe a girgizar Izmit ta Turkiyya a 1999. Kankare a ɗebi samfurinsa a wurin zubi, a gaban mai dubawa, a cikin akwatunan santimita 15, a matse su a ɗakin gwaji a kwana 7 da kwana 28. Samfurin da ɗan kwangila ya kawo da kansa a mota ba shaida ba ne, domin yana iya dama na gwaji dabam. A tabbata ana shayar da kankare ruwa aƙalla kwana bakwai. Bulon da ke marmashewa in an murza gefensa da yatsa, sai a ƙirga guda nawa ake bugawa da buhun siminti ɗaya. Kwanon rufi a auna kaurinsa da ma'aunin milimita, kada a dogara da tambarin da ke jikinsa.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje mai gidan kansa zai iya yi in an koya masa na yini ɗaya aka ba shi zane da lissafin kayan gidansa. Shi ya sa ya fi kyau a sanar da kowane iyali lambar gidansa tun ana harsashi, a bar su su riƙa zuwa.

Wa zai sa ido a kan mai dubawa?

Albashinsa, motarsa da masaukinsa kada su fito daga aljihun ɗan kwangila. A riƙa sauya masa wuri, a tura masa aikin da zai duba ta hanyar ƙuri'a, wata tawaga ta bi bayansa ta sake duba wani kaso ba sanarwa, har da huda kankaren da ya bushe a ciro samfuri. Sa hannunsa ya ɗauki nauyi: in gidan da ya amince da shi ya fito da ha'inci, lasisinsa ya shiga haɗari.

Me ya sa fili ke yawan tsayar da aiki?

Saboda wanda ya san inda za a gina sabuwar unguwa kafin kowa, yana iya saye ta hannun wani ya sayar wa gwamnati ninki biyar, ko ya tura mata kwarin da ba wanda ke so. A binciki tarihin cinikin filin na shekaru biyu ko uku, masu ƙima biyu da ba su san juna ba su sa masa farashi, a yi gwajin ƙasa da na hanyar ruwa kafin a biya. A Haiti bayan girgizar 2010, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta yi shirin gidaje 15,000, amma rahoton GAO na 2013 ya nuna an rage su zuwa 2,649, saboda ƙiyasin farko ya gaza kuma samun fili mai tsabtataccen mallaka ya yi wuya. Haramta gini a wani yanki shi ma yana buƙatar lura. Sri Lanka ta hana sake gini cikin mita 100 zuwa 200 daga gaɓar teku bayan tsunami, masunta suka rasa inda za su zauna kusa da sana'arsu, daga baya aka sassauta dokar. Gidan da aka gina nesa da abin da mutum ke ci da shi, ba ruwa ba makaranta, yakan ƙare a kulle ko a sayar da shi da araha.

Me jama'a ke da haƙƙin gani?

Nawa ya shigo kuma daga ina, nawa ya fita kuma zuwa ga wa, cikakkiyar takardar kowace kwangila, farashin gida guda da na kowace murabba'in mita, da adadin gidajen da ke kowane mataki. A bambanta wanda aka fara, wanda aka gama, wanda aka miƙa da wanda mutane ke ciki, domin a nan ake aringizo. A wurin ginin a kafa allo mai sunan kamfani, kuɗin aiki, ranar gamawa da lambar kai ƙorafi. Lambar shaida da asusun bankin masu amfana kuwa ba na wallafawa ba ne.

In an nemi cin hanci a wurina, ko an cire sunana, ina zan kai kuka?

Tsari mai kyau yana da ƙofa fiye da ɗaya, layin waya kyauta, akwati mai kulle, da ofis, kuma aƙalla ɗaya ba ta bi ta hannun jami'in da ake ƙara. Ka nemi lambar ƙorafinka da ranar da za a ba ka amsa. Ka rubuta rana, wuri, abin da aka nema da wanda ya shaida, ka adana saƙonnin waya da kwafin takardar ƙirgarka, kada ka ba kowa asalinta. In ba ka gamsu ba, ka ɗaukaka ƙara zuwa mataki na gaba, ko hukumar yaƙi da cin hanci, ko kotu. Hukuma kuma ta yi ta nanatawa cewa ba a biyan ko sisi don shiga jerin, ta ware hanyar sirri ga matan da aka nemi lalata da su a madadin suna ko makulli, domin yana faruwa kuma ba a cika faɗa ba. Ma'aikacin da ya fallasa daga ciki yana buƙatar kariya daga kora da canjin wurin aiki na ramuwa, abin da sashe na 33 na yarjejeniyar da aka ambata ya yi kira a kai. Shirin da ya ce bai sami ƙorafi ko ɗaya ba, a binciki ƙofar ƙorafinsa.

Binciken kuɗi na ƙarshen shekara bai isa ba?

Yana zuwa bayan an zuba kankare kuma kamfanin ya rufe ofis. Bayan ambaliyar KwaZulu-Natal ta Afrilun 2022, ofishin babbar mai binciken kuɗi ta Afirka ta Kudu ya bi kuɗin agaji tun ana cikin kashe su, yana fitar da rahoto aikin na tafiya. Irin wannan bincike yana buƙatar injiniya da mai ƙididdigar kayan gini a cikin tawaga, domin rasit na iya cika cif alhali gidan babu shi. A ajiye kuɗin a asusu guda na musamman, a hana biya da tsabar kuɗi, kuma abin da aka gano ya kai ga ƙwato kuɗi, hana kamfani da masu shi sake samun aiki ko da sun sauya suna, da gurfanarwa a kotu.

An gama gini. Yaya ake raba gidajen?

A bi jerin da aka kulle, a yi ƙuri'ar lambobin gidaje a bainar jama'a, bayan an ware na ƙasa da na kusa da hanya ga tsofaffi da masu naƙasa. Kafin mai gida ya sa hannu, ya zaga da takardar dubawa: ya buɗe famfo, ya kunna wuta, ya zuba ruwa a bayi ya ga inda ya bi, ya rufe kowace ƙofa da taga, ya rubuta duk aibin da ya gani a kwafi biyu. A ba shi takardar mallaka tare da makulli, da sharaɗin hana sayarwa na wasu shekaru in dokar shirin ta tanada. Bayan wata shida, da kuma bayan damina ta farko, wata tawaga ta dawo ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ta gwada sunan wanda ya buɗe da wanda ke cikin jerin, ta duba rufi da bango. Sai rahotonta ya fito za a saki ragowar kuɗin ɗan kwangila.